Jieldé: Fitilar Makanikai da Ta Shiga Falo da Kamanninta

A garin Saint-Priest, gefen birnin Liyon na ƙasar Faransa, akwai wani ƙaramin kamfani mai suna Jieldé da yake haɗa fitilun lantarki da hannu. An kafa shi a 1953, kuma fitilar da duniya ta san shi da ita zanenta na 1950 ne. A tsawon wannan lokaci masu saye sun sauya gaba ɗaya. Da can makanikai ne da masu aiki a kan injinan gyaran ƙarfe. Yanzu masu tsara adon gida ne, da otal-otal, da shagunan kayan ƙawa. Ita kuwa fitilar, wanda ya san ta a masana'anta shekaru sittin da suka wuce, yau ma yana hango ta zai kira sunanta.

Idan ana maganar kamannin kamfani, abin da ake nufi shi ne duk abin da yake sa mai saye ya gane kayanka ba sai an gaya masa ba: suna, tambari, launi, irin hoton da kake nuna kayan da shi, har da yadda kake magana a talla. Sabbin kamfanonin da suke ƙera fitilu masu kama da na da galibi daga nan suke farawa. Su ɗauki mai zane ya tsara musu rubutu irin na tsoffin allunan shaguna, su sa kwali mai ruwan ƙasa, su yi wa ƙarfen fenti mai nuna kamar ya sha jiki. Jieldé ta wata hanya ya bi. Kamanninsa a jikin fitilar suke tun farko, aikin da ya rage wa masu kamfanin shi ne su tantance abin da ba a taɓawa da abin da za a iya sakewa.

Gaɓar da waya ba ta ratsa ta

Jean-Louis Domecq mai aikin injina ne a Liyon. Kamar yadda kamfanin yake ba da tarihinsa, a ƙarshen shekarun 1940 ya rasa fitilar da za ta yi masa aiki yadda yake so. Mai aiki a kan inji yana bukatar haske a daidai wurin da wuƙar injin take cin ƙarfe, wurin kuma yana canjawa sau da yawa a yini. Fitilun da ake lanƙwasawa na wancan zamani waya ce take bi ta cikin gwiwoyinsu. A ja fitilar nan, a tura ta can, yau da gobe sai rigar wayar ta goge, ta tsage, ko wayar ta tsinke daga ciki. A wurin da hannu yake jiƙe da mai, ƙarfe kuma ya kewaye mutum, wayar da ta yi tsirara hatsari ce ga rai.

Domecq ya cire wayar daga gwiwar baki ɗaya. Kowace gaɓa ƙoƙo biyu ne na alminiyon da aka zuba, suna fuskantar juna, noti ɗaya a tsakiya yana riƙe da su. A cikinsu akwai zobba na jan ƙarfe da suke manne da juna. Waya tana tafiya a cikin bututun hannun fitilar, ta tsaya a bakin gaɓa, wuta ta tsallaka ta cikin zobban zuwa ɗaya ɓangaren, wata wayar ta karɓa ta ci gaba. Komai yawan juya gaɓar, babu abin da yake murɗewa. Idan ta yi sako-sako bayan shekaru, sai a ɗaure notin, ta koma ta tsaya inda aka ajiye ta. A bakin ƙoƙon da ƙwan fitilar yake ciki ya kewaya wani siririn zobe na ƙarfe, domin ma'aikaci ya kama ya juya kan fitilar ba tare da zafin ƙwai ya ƙona shi ba. Ya kammala zanen a 1950, ya ɗauki shekara biyu yana shirya yadda za a riƙa ƙera ta da yawa, sannan a 1953 ya buɗe kamfani. Sunan da ya ba fitilar shi ne Standard.

Abin lura a nan shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan siffofi da aka yi don ado. Gaɓar ta yi kumburi ne saboda zobban suna bukatar wuri. Hannuwan a miƙe suke saboda bututu ne. Amma haɗuwarsu ta ba da wata siffa da ba ta ɓuya: dunƙulallun gwiwoyi, miƙaƙƙun hannuwa, kai mai zobe. Ko inuwarta aka gani a bango an san ita ce. Kamfanoni suna kashe maƙudan kuɗi suna neman irin wannan alama, Domecq kuwa ya same ta ne yana ƙoƙarin hana waya tsinkewa.

Suna da farantin shaida

Sunan kamfanin haruffan farko ne na sunan mai shi, J da L da D, aka rubuta su yadda Bafaranshe yake furta su. Gajere ne, ba shi da wata ma'ana a ƙamus, saboda haka ba ya rikicewa da na kowa, kuma bai ɗaure kamfanin ga masana'anta ko ga wani zamani ba. Da an sa masa suna irin na "fitilun injina na Liyon", da ranar da aka nufi falo sunan ya zama kaya a ka.

Sai ɗan farantin ƙarfe da ake dannewa da ƙusa a jikin fitilar, mai ɗauke da sunan kamfanin. A asali al'adar masu ƙera injina ce: kowane inji yana da farantinsa domin a san inda za a nema idan ya lalace. Wanda ya taɓa juya kan tsohon keken ɗinki yana neman suna da lamba kafin ya biya kuɗi ya san aikin wannan faranti. Fitilun da suke fitowa daga Saint-Priest a yau kowace tana da lambarta ita kaɗai. A ganina wannan shi ne tambari mafi ƙarfi da kamfanin yake da shi, ya fi duk wani rubutu da za a buga a kwali ko a shafin intanet. Kwali ana jefar da shi ranar da kaya ya iso. Farantin yana nan har fitilar ta ga jikokin mai ita, kuma a duk hannun da ta faɗa yana ci gaba da faɗin wanda ya yi ta.

Lokacin da masana'antu suka fara rufewa

Shekaru talatin na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1945 zuwa 1975, lokaci ne da masana'antun Faransa suka bunƙasa sosai, yankin Liyon kuma yana cikin cibiyoyinsu. A Vénissieux da Saint-Priest ne kamfanin Berliet yake ƙera manyan motocin nan da tsoffin direbobin Nijar da na hanyoyin hamada suka sani. Yau ma hedkwatar kamfanin manyan motoci na Renault Trucks a Saint-Priest take. A irin wannan yanayi fitilar Standard ba ta bukatar talla mai yawa. Mai masana'anta yana so ya san tsawon hannu, da yadda ake ɗaure ta a teburi ko a jikin inji, da ko za ta jure. Launinta ma na wurin aiki ne, kore ko ruwan toka irin na injina.

Daga tashin farashin mai na 1973 abubuwa suka fara juyawa. Masana'antu suka yi ta rufewa ko komawa wasu ƙasashe, sabbin injina kuma suka riƙa zuwa da haskensu a jiki. Domecq ya rasu a 1983, 'yarsa ta karɓi ragamar kamfanin a daidai lokacin da tsoffin abokan ciniki suke raguwa.

A gefe guda kuma wani abu yana faruwa wanda ba kamfanin ne ya shirya shi ba. Tun shekarun 1960 masu zane-zane a unguwar SoHo ta New York suka fara zama a manyan ɗakunan tsoffin masana'antu, daga baya salon ya bazu zuwa Turai, ya zama abin yayi ga masu hali. Wanda yake zaune a irin wannan ɗaki yana son kayan da suka dace da bangon bulo da ginshiƙin ƙarfe. 'Yan gwanjo suka gane haka. Idan an rufe masana'anta, su kwance fitilun daga jikin injina, su kai kasuwannin tsoffin kaya irin ta Saint-Ouen a gefen Faris ko ta bakin magudanar ruwa a Villeurbanne. Wasu su bar tsohon fentin da tabonsa, wasu su kankare shi su goge ƙarfen har ya yi ƙyalli. Da yake yawancinsu an yi su ne don a ɗaure a teburi, ba su da gindin tsayawa, sai a samo tsohon faifan birkin mota ko wani nauyayyen ƙarfe a ɗora su a kai. Har yau idan ka duba tsoffin Jieldé da ake sayarwa za ka ga da yawa a tsaye kan faifan birki.

Wato kasuwa ce ta fara sauya wa fitilar matsayi, kafin masu ita. Kuma abin da ya sa ribar wannan sauyi ta dawo wa kamfanin, maimakon ta tsaya a aljihun 'yan gwanjo kawai, shi ne farantin nan. Mai saye ya ga suna, ya tambaya, ya ji cewa ai har yanzu ana yin ta.

Shawarwarin da aka yanke

Mataki na farko a 1987 aka ɗauke shi: fitilar Standard ta fito da sabon suna, Loft, wato sunan waɗancan ɗakunan masana'antu da aka mayar gidaje. Canjin suna ne mai nuna wa sabon mai saye cewa da shi ake. An ba ta gindin da za ta tsaya a kan tebur ko a ƙasa, amma gaɓa da hannu da kai suna nan yadda Domecq ya bar su.

A 2002 Philippe Bélier ya sayi kamfanin, a 2003 kuma aka fito da Signal. Ita ce dai fitilar, an rage mata jiki: ƙananan gaɓoɓi, siraran hannuwa, ƙaramin kai, yadda za ta zauna a gefen gado ko a teburin karatu ba ta cika wuri ba. Wannan shawara ta fi yadda ake ganinta wuya. Wanda ya sayi tsohon kamfani yakan so ya nuna hannunsa, ya kawo sabon zane da zai ce nasa ne. Da an yi haka, da an sami fitila mai ɗauke da sunan Jieldé wadda ba wanda zai gane ta sai ya karanta farantin. Da Signal an faɗaɗa kasuwa, kuma kowace da aka sayar tana ƙara kafa siffar asali a idon mutane.

Inda aka saki hannu shi ne launi. Fitilar da a da kore ce ko ruwan toka yanzu ana samun ta a launuka sun haura ashirin, masu sheƙi da marasa sheƙi, har da wadda aka bar ƙarfen a goge ba fenti. Ana kiran launukan da lambobin RAL, tsarin nan na Jamus da masu fentin masana'antu suke aiki da shi tun 1927, abin da yake sauƙaƙa wa mai tsara gida ya daidaita fitila da ƙofa ko taga. Launi shi ne abin da ake iya canjawa ba tare da an taɓa ƙashin abu ba. Ja ko ruwan ƙwai suna cire wa fitilar warin gareji, su sa uwargida ta yarda a shigo da ita ɗaki, amma siffar ba ta motsa ba.

Akwai wani ƙaramin abu da nake ganin an yi daidai da aka bar shi. Har yanzu fitilun lambobi ne sunayensu a kundin kaya, irin na kayan gyaran inji. Doguwar nan mai hannu shida, kowane santimita 40, da take lanƙwashewa kamar tsani a naɗe, D9406 ake kiran ta. An iya raɗa mata suna mai daɗin ji. Barin lambar yana tuna wa mai saye daga inda abin ya fito, kuma gaskiya ce, ba ado aka ƙirƙiro ba.

Sai batun ƙwai. Tarayyar Turai ta fara janye tsoffin ƙwayayen lantarki masu zare daga kasuwa a watan Satumba na 2009, ta kammala a 2012. Ƙwan LED da ya maye gurbinsu ba ya zafi kamar na da, saboda haka zoben da yake bakin kan Loft ya rage amfani ta fuskar kare hannu. Ba a cire shi ba. A nan ne ake gane cewa wani sashe na kaya ya tashi daga aiki kawai ya zama shaida: idan aka cire shi za a rage kuɗin ƙira kaɗan, a kuma rage abin da ido yake kamawa da yawa.

Ba Jieldé kaɗai ya bi wannan hanya ba

A Faransa ɗin ma akwai misalai biyu da suke taimakawa wajen auna lamarin. Kamfanin Tolix na garin Autun, mai kujerun ƙarfen nan da Xavier Pauchard ya fito da su a 1934, ya kai bakin rufewa, sai Chantal Andriot ta karɓe shi a 2004 ta farfaɗo da shi, launuka kuma suna cikin abin da ta yi amfani da shi. Fitilar Gras kuwa, wadda Bernard-Albin Gras ya zana a 1921, kuma shahararren mai zanen gine-gine Le Corbusier ya yi amfani da ita a ofishinsa, an daina yin ta na dogon lokaci, sai a 2008 kamfanin DCW ya dawo da ita. Bambancin Jieldé da Gras yana da muhimmanci ga abin da kamfani zai iya faɗa da bakinsa. Gras dawo da ita aka yi. Jieldé bai taɓa barin yankin Liyon ba, kuma zai iya cewa fitilar da kake saya yau ƙanwar wadda take kasuwar gwanjo ce, gida ɗaya suka fito. Sabon kamfani ba zai iya sayen wannan magana ba komai ƙwarewar mai zanensa, kuma ina ganin kuskure ne ya yi ƙoƙarin aro ta da shekarar ƙarya ko tsatsar fenti. Abin da zai iya ɗauka shi ne tsarin: a sami sashe ɗaya na kayan da yake magance wata matsala ta gaske, a bar shi a fili ido ya gan shi, a kafa suna a jikin ƙarfen.

Inda takalmin yake matsawa

Nasarar ta zo da nata matsaloli, kuma ba a gama da su ba.

Ta farko, kamfanin yana gasa da kansa. Fitilar da aka yi don ta jure ta jure ɗin, ga su nan birjik a kasuwannin tsoffin kaya da shafukan saye da sayarwa. Akwai masu saye da suka fi son tsohuwar, da tabonta da koɗaɗɗen fentinta, kuma ko kwabo daga wannan ciniki ba ya shiga Saint-Priest. Amsar da sabuwar take da ita ita ce launin da kake so, da tsawon da kake so, da wayoyin da suka cika ƙa'idojin tsaro na yau. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Fitilar da ta yi shekaru a masana'anta, aka kankare ta, aka ɗora a faifan birki, tana bukatar mai gyaran lantarki ya buɗe gaɓoɓinta ya duba kafin a jona ta a ɗakin yara. Duk da haka ba na ganin kasuwar gwanjon a matsayin asara. Ita ce hujjar da take nuna cewa maganar ƙarko ba cika baki ba ce, kuma kamfanin bai biya kowa ya kafa ta ba.

Ta biyu, masu kwaikwayo. Haƙƙin mallakar ƙirƙira shekara 20 yake yi ya ƙare, don haka dabarar da ta fito a 1950 ba ta da irin wannan kariya a yau. Alamar kasuwanci kuwa ana sabunta rajistarta duk shekara 10 a hukumar INPI ta Faransa, ba iyaka. Shi ya sa nauyin ya koma kan suna da faranti da lamba. Fitilu masu dunƙulallun gwiwoyi sun cika shagunan intanet a farashi mai rahusa, kuma a hoto da wuya a bambance. A hannu ne ake ganewa: nauyi, da yadda gaɓa take tsayawa cak inda aka sake ta, da abin da yake cikinta idan an kwance notin. Matsalar ita ce yawancin ciniki yanzu a hoto ake yin sa. Kamfanin da darajarsa take ɓoye a cikin gwiwa dole ya riƙa buɗe gwiwar yana nuna wa mutane, in ba haka ba mai saye zai ga kamar kuɗin suna kawai yake biya.

Ta uku ita ce ta fi damuna. Sabuwar Jieldé ɗaruruwan Yuro ce, manyan ma sun fi haka. Haɗa kaya da hannu a Faransa yana da tsada, wannan ba abin musu ba ne. Amma makanikin da aka zana fitilar dominsa, yau zai fi sauƙi ya sayi fitilar LED mai maganaɗisu ya manna a jikin inji. Labarin da kamfanin yake sayarwa labarin wurin aiki ne, alhali masu wurin aikin sun zama 'yan kaɗan a cikin masu saye. Muddin ana ƙera gaɓar da ingancin da za ta iya komawa kan inji gobe ta yi aiki, labarin yana da gindi. Ranar da aka rage kaurin ƙarfe ko aka sauya zobban ciki da abu mai araha saboda an san fitilar gefen gado za ta zauna, to daga ranar Jieldé ya shiga sahun masu kwaikwayon kansa, ko da faranti da lamba suna nan.

Haka ma batun faɗaɗa kaya. Kamfanin ya ƙara fitilun rataye a silin, irin su Augustin, waɗanda ba su da hannu ba su da gaɓa. Suna da kyau, kuma mai gidan abinci da ya sayi Loft don bango zai so na sama da za su dace da ita. Sai dai fitilar rataye mai siffar ƙoƙo kamfanoni da yawa suna yin irinta, kuma idan aka rufe farantin, da wuya baƙo ya ce ga wanda ya yi ta. Irin waɗannan suna cin albarkacin sunan da gaɓar ta gina ne, saboda haka yawansu a kundin kaya abu ne da masu kamfanin za su riƙa aunawa duk lokacin da za su ƙara sabuwa.